Haƙorin da Nake Gwada Masara

Zulai, 'yar ɗana, ita ta jawo wannan magana, ita ce kuma ke riƙe da alƙalami, don ni ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi. Rannan tana kan tabarma da waya a hannu, ni ina tsintar wake. Wai an ba su wata kalmar Turanci a makaranta, mai nufin abu ya fashe ya rabu gutsi-gutsi, an jero wasu a ƙarƙashinta wai duk danginta ne, ita kuma tana neman na Hausa. Na ce wane abu ne ya fashe? Ta ce abu dai. Na ce tulu ne, ko ƙuli-ƙuli, ko masara? Don tulu fashewa yake yi, in daga bisa ya faɗo ya tarwatse. Ƙuli-ƙuli marmasa shi ake yi. Citta a dandaƙa ta, kara a karya shi, rogo a ɓantare, fura a kirɓa. Hatsi kuwa ko a surfa, ko a ɓarza, ko a daka, ko a niƙa. Ta rubuta ta rubuta, ta ɗago kai ta ce, "To ai duk ɗaya ne, Kaka. Fashewa dai."

Na ajiye faifan. Shekara arba'in da ɗoriya ina cin abinci a tsakanin ɓarza da niƙa, yarinya ta dube ni ta ce duk ɗaya ne. Na ce juya takardar, nemi wuri mai faɗi.

Sunana Indo, a Malumfashi Indo mai tsaki ake ce mini. Sana'ata ɓarzar masara. In kin ci dambu a tasha, ko kin sha fate a gidan suna, wata ce ta tsaya ta fasa kowace ƙwaya daidai gwargwado, ba ta bar ta guda ba, ba ta kuma mai da ta gari ba. Ku 'yan matan yanzu kuna ganin ai abin sauƙi ne, a zuba a inji a ce wa yaro ɓarzawa za ka yi. To ku saurara.

Aikina na farko mudu ɗaya ne, a Maska, gidan Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni. Ta riga ta surfa masarar ta shanya, ta ce in ɓarza za a yi fate da rana. Lokacin ina ji da ƙarfi, ina ɗaukar tulu babba ba mai ɗora mini. Na kama taɓarya na dinga zuba mata duka kamar ta zagi uwata. Da Gwaggo ta leƙo turmin, gari ne fari fes. Ta kwashe, ta tankaɗe, ta tuƙa tuwo. An riga an yanka yakuwa da alayyafo, kowa ya sa rai da fate, sai ga tuwo da tsakar rana. Duk wanda ya tambayi ina faten, sai ta nuna ni da haɓa ta ce a tambayi Mai Ƙarfi. Shekara guda sunana ke nan a gidan, har yara da shi suke kirana in an aiko su.

Washegari ta tsaya a bayana ta kama mini gwiwar hannu. Ta ce ba dukan masara ake yi ba. Ɗaga taɓaryar za ki yi ki sake ta, ta faɗi da nauyin kanta, ki tare ta tun ba ta kai gindin turmi ba. In ta taɓa gindi kin niƙa. Bayan kowane bugu goma ki sa hannu ki juya, na ƙasa ya dawo sama. Ba a cika turmi, ba a kuma sa kaɗan. Ki kwashe tun da sauran manya a ciki, ki tankaɗe, ki mayar da manyan su kaɗai. Mai ƙyuya ce ke son ta gama a zubi ɗaya, ita ce kuma ke tashi da rabin kwano na gari.

Kafin ɓarza akwai surfe. A yayyafa wa masara ruwa, ɗan kaɗan, yadda bayanta zai yi taushi cikinta bai sani ba. A surfa har dusa ta saki, a sheƙe, a wanke, a rege tsakuwa, a baza a rana ta koma ƙarau. Sai a ɓarza. Daga nan aikin rariya da faifai ne. Garin da ya zubo na tuwo ne. Tsaki ƙanana na fate. Matsakaita, masu kai ɗaya kamar an auna, su ne na dambu, su ne kuma ake biyan mutum dominsu. Abin da ya rage a bakin faifai na 'yan tsaki ne, kajin unguwa sun san ƙofata.

Turmina biyu, duka na ƙirya. Mai zurfin na surfe, mai faɗin baki na ɓarza. Tun da aka sassaƙo su barkono bai taɓa shiga cikinsu ba, daddawa ma haka. Wata maƙwabciya ta taɓa arar mai faɗin ina kasuwa, ta daka yaji, ta wanke ta mayar ta kife kamar ba a yi komai ba. Ina ɗaga shi na yi atishawa. Kwana uku ina surfa dusa a ciki ina zubarwa kafin ya koma mutum. Ita kuwa har ta tashi daga unguwar, gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Kada ku ce ina faɗa da inji. Da Ɗanjuma ya kafa nasa a bakin layinmu, ni ce ta uku da ta kai masa aiki. Sai dai ban taɓa aika yaro ba. Tsayawa nake yi a kansa, hannuna a bakin mazubi, ina murza abin da ke fitowa. Sassauta. Ƙara sassautawa. Ka wuce, ɗan matse. Yana ƙunƙuni yana cewa Inna ke kin fi mai injin sanin injin. Na ce ban san inji ba, masara na sani. Amma tsakin biki, wanda za a sa a gaban surukai, har yau a turmi nake yinsa.

Duk waɗannan kaya ana saye a kasuwa. Akwai guda ɗaya da ba a sayarwa, shi ne haƙori. Gwaggo ta ce aikin tsaki ba a turmi yake farawa ba, a bakin buhu yake farawa. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki kai ta can ciki ki cije. Busasshiyar masara ƙas take cewa, ta rabu biyu ko uku, bakin tsagar yana ƙyalli. Wannan za ta ɓarzu. Wadda ba ta gama bushewa ba lotsewa take yi ta manne wa haƙori, a turmi ma haka za ta yi, ta baje ta cure. Wadda ƙwari suka ci kuwa dagargajewa take yi a baki, kafin taɓarya ta sauka sau biyar ta zama gari. A ido duk ukun masara ce.

Haƙorina na gwaji na can ciki ne, ɓangaren dama. Na hagu sun tafi tun shekarun haihuwa, na gaba kuwa ba sa wannan aiki, ƙwayar zamewa take yi. Da wannan guda ɗayan na yi suna. A kasuwar Dayi in na cije masarar mutum na gyaɗa kai, ko ban saya ba ya gama ciniki, don zai yini yana ce wa mutane wannan Indo ta cije ta.

Masu kawo mini aiki kala-kala ne. Akwai Iya Rashida, Bayarabiya mai sayar da robobi, katangarmu ɗaya, duk 'ya'yanta a nan ta haife su. Ita wake take kawowa a ɓarza mata na alale, ta zauna tana bincike, in ta ga ɓawo ɗaya ta ɗaga shi sama kamar ta kama ɓarawo. Macen da ke tauna ƙashin kaza har ya ƙare, kare na kallonta. Amma babbar mai sayen tsakina Hajiya Asabe ce, mai dambu a tasha. Shekara goma sha tara ba ta ɗora madambaci da tsakin wata ba. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, in kuma ta yi sai haƙorin Makka ya haska. Direbobin Funtua da na Kano suna tsara tafiyarsu yadda za su iso tukunyarta na sauka. Rabin abin da nake ci daga hannunta yake fitowa, sauran rabin ma saboda ana cewa ni ke yi wa Hajiya Asabe.

Shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa ita ce mugunyar shekarata. Masara ta nuna a gona, an karye ta, sama kuma ta ƙi rufe baki. Mutane na shanya a bakin kwalta suna kwashewa a guje. Wata ta yi baƙi a cikin ɓawonta, wata ta fara tsiro a tsaye. Tsohuwar masara ta ƙare a rumbuna. A cikin wannan hali wata safiya aka kawo mini aiki, na ɗebi ƙwaya ban duba ba na kai ciki. Ashe farar tsakuwa ce. Abin da ya ce ƙas a ranar ba masara ba ce. Gida uku haƙorin ya rabu, a asibiti aka ciro sauran.

Ban faɗa wa kowa ba. Kumatuna ya kumbura na ce sanyi ne, na naɗe da mayafi. Aikin da ake kawowa gida ina lallaɓa shi, in na ga ta yi nauyi a turmi in mayar rana, ba wanda ya gane.

Ana haka Hajiya Asabe ta zo da kanta, ba aike ba. Za ta aurar da autarta ranar Asabar ta sama. Dangin ango daga Funtua, ga direbobin tasha kaf, ga matan kasuwa. Ta ce bikin 'yar mai dambu ne, ba wanda zai tambayi shinkafa, dambun za a zo gani. Buhu uku take so.

"Ke za ki je ki zaɓo da bakinki, Indo," in ji ta. "Bana ban yarda da idon kowa ba."

Na ce to. A nan ya kamata in buɗe baki in nuna mata. Na ce to kawai, na gyara mayafi.

Na hau mota zuwa Dayi. Na zaga na zaga, na tsaya gaban wani mai buhuna, masararsa fara tas, manyan ƙwaya. Na sa hannu a saman buhu, tana ƙara yadda ake so. Mutumin bai cuce ni ba, wannan ku rubuta. Shi da kansa ya ɗebo a tafin hannu ya miƙo ya ce bismilla Inna, cije ki ji. Mutane sun ɗan taru, don an san ni. Na ɗauki ɗaya na kai ciki, inda babu kowa sai dasashi. Na motsa muƙamuƙi. Na lumshe ido irin na masu sani. Na gyaɗa kai. Da na juya na tofar da ita a gefen mayafi, guda, ko ƙwarzane babu. Na sa aka ɗora buhu uku. Ina jin sa a bayana yana ce wa wani, wannan Indo ta cije ta.

Talata da safe na zuba zubin farko. Bugu uku na san an yi ɓarna. Busasshiyar masara tana amsa taɓarya da ƙara, tana tsalle a turmi. Wannan dum take cewa, kamar ana dukan katifa. Na sa hannu na ɗebo. Ƙwayoyin ba su fashe ba, sun baje kamar an taka su. Rana ɗaya ta sha a bakin hanya, bayanta ya bushe, cikinta ɗanye. Na ɗibi mudu ɗaya na kai wa Ɗanjuma ko inji zai yi abin da turmi ya kasa. Ya fito a cure, ya liƙe masa faranti, sai da ya kwance injin ya kankare. Ya ce Inna wa ya sayar miki da wannan, ba ki cije ba ne? Na ce ya ji da aikinsa.

Ga abin da ke faruwa da irin wannan tsaki, don ku sani. Ko kin lallaɓa kin fitar da shi, in ya kwana biyu a buhu zai ɗauki zafi ya yi tsami. In an turara shi ba zai yi wara-wara ba, dunƙulewa zai yi kamar tuwon da bai dahu ba. Kuma ba a ganewa sai an sauke tukunya, baƙi na zaune.

Na sa takalmi na tafi tasha. Na samu Hajiya tana zuba wa wani direba, na jira ta sallame shi, na ce mu koma bayan rumfa. Na gaya mata masarar ɗanya ce.

"Kin cije ta?"

"Na sa ta a baki."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

Sai na buɗe bakin na sa yatsa na ja kumatu. Ta sunkuyo ta leƙa, ta daɗe tana dubawa kamar mai sayen akuya. Ta tambayi tun yaushe. Na ce sati uku. Ta goge hannu a zani, ta ce ita ba haƙorin ne ya dame ta ba, kowa nasa zai zube, gyaɗa kan da na yi a Dayi ne. Ta ce ba ta da wata masarar, ba ta kuma da wasu kwanakin. In zuwa Juma'a da yamma tsaki bai shiga gidanta ba, irin wanda ta sani, za ta aika Funtua a sayo na inji duk yadda yake, ta ci kunyarta a gaban surukai.

"Daga ranar kuma, Indo, sai dai mu gaisa a gidan suna."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta koma ta ci gaba da zuba dambu.

Akwai wani falalen dutse a bayan unguwarmu, inda mata ke shanya. Dutse ya fi tabarma, don yana gasa hatsi ta ƙasa rana na gasa shi ta sama. Na share shi tas, na sa mai keke ya kai buhunan, na baza masarar siririya, ba inda ƙwaya ta hau kan ƙwaya. Na zauna da sanda. Duk bayan ɗan lokaci in tashi in bi ta da ƙafa ina juyawa. Awakin unguwa suka ji labari. Akwai wata jar akuya mai karyayyen ƙaho, in na kore ta gabas sai ta zagayo ta yamma tana tafiya a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya. Ni da ita muka yini.

Laraba da azahar gabas ta haɗe. Buhu uku a baje, ni kaɗai. Na ruga gida na ƙwala wa Iya Rashida kira ta kan katanga. Sai ga ta da sababbin robobinta na sayarwa, jere a ka, da 'yan matanta biyu. Muka dinga kwasa da hannu da faifai da tsintsiya. Ɗigon farko ya sauka muna rufe ta ƙarshe. A zaurenta masarar ta kwana, cikin robobi goma sha ɗaya. Ta ce in na gaya wa wani an taɓa amfani da su, ita da ni ne. Ta wanke su ta sayar a sababbi. Yanzu ta koma garinsu wajen ɗanta, don haka na faɗa.

Alhamis Allah ya ba mu rana tun hantsi, mai zafi, har dutsen ba ya takuwa. Da la'asar masarar tana ƙara a hannu. Amma a Dayi ma ta yi ƙara. Aikin buhu uku yini guda ne cur, da mata huɗu, ga surfe ga wanki ga wata shanyar kafin ɓarza. In na fara ba ta kai ba, na ɓata ta gaba ɗaya. In na ƙara mata kwana, Juma'a ta wuce. Sai an cije.

Hajiya ta iso da kanta ganin hali. Na ɗebo na miƙa mata na ce ta cije mini. Ta ja da baya ta rufe baki da hannu. Ta ce haƙorin da ta je har Makka ta sako, ba za ta kai shi kusa da abin da ya cinye nawa ba. Na ce na Makkan a gaba yake, da na ciki ake yi. Ta ce duk bakin ɗaya ne.

Iya Rashida ta ce a ba ta. Ta jefa uku a baki lokaci guda, ta tauna, ta haɗiye. Na ce yaya? Ta ce ta yi daɗi.

"Ba daɗi na tambaye ki ba, Iya. Ta fashe ko ta lotse?"

"Ni komai na sa a bakina fashewa yake yi."

Gaskiya ta faɗa, wannan ce matsalar. Bakin da ke niƙa ƙashi ba ya bambance ɗanya da busasshiya. Na tsaya ina kallon muƙamuƙinta. Sai na ɗauki ƙwaya ɗaya na ce ta kai ta can ciki, kada ta cije sai na ce. Na kama kanta da hannu biyu, na manna kunnena a kumatunta. Na ce cije, a hankali.

Ƙas.

Na ji ta sarai, fiye da yadda nake ji a nawa bakin, don a nawa ina haɗawa da ɗanɗano. Na ce tofo a hannuna. Gida uku, bakin tsagar na ƙyalli. Na jawo ta zuwa wani gefen dutsen, muka sake. Ƙas. Muka bi dutsen nan kusurwa-kusurwa, ina riƙe da kan Bayarabiya kamar mai duba kankana, Hajiya na bin mu a baya, matan da suka zo kwashe shanya sun saki baki. A gefen da inuwar wata bishiya ke faɗowa da yamma, ƙarar ta canza, ta fito a dushe. Na ce tofo. Ta lotse. Na ja layi da sanda, na ce daga nan zuwa nan a kwashe, wannan kuwa ta ƙara rabin yini. Iya ta ce ta ci masarar da ta kai mudu, a sa mata a lissafin gudummawar biki. A ranar na ga haƙorin Makka a waje.

Juma'a tun da aka sallame asuba muka fara. Mata huɗu, turmi biyu, ni ina kan rariya da faifai ina kuma sauraron taɓarya. In na ji wata ta kai gindi in ce ke, sassauta, ba fura kike kirɓawa ba. Ragowar ta gefen inuwa aka kawo da azahar, Iya ta cije, na saurara, ta shiga turmi. Kafin magariba tsaki ya shiga gidan Hajiya. Ta zuba hannu a buhu ta ɗebo, ta bar shi ya zubo ta tsakanin yatsu, ta duba tafin hannunta ko gari ya manne. Bai manne ba. Ta ce a shigar ciki. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ban zauna a wajen biki ba, ina bayan gida wajen tukwane. Da aka sauke madambacin farko aka juye a babban kwano, na sa cokali na ɗaga. Ya zubo wara-wara, kowace ƙwaya da kanta, zogale ya bi jikinsa. Aka ce wata gwaggon ango daga Funtua ta ci ta ƙara, ta kuma ƙulle wani a leda ta sa a jaka tana waige-waige.

Litinin sai ga aike daga tasha, mudun da aka saba kawowa duk mako, da wani ɗan kwano a rufe. Na buɗe. Dambu ne an jiƙa shi da mai da romo har ya yi luguf. Wai in ji Hajiya, na marasa haƙori ne.

Labari kuwa ya riga ni zuwa Dayi, don abin da aka yi a kan dutse a gaban matan unguwa ba ya kwana. Ina shiga layin masu hatsi wani ya ɗebo ya miƙo yana murmushi, wai bismilla Inna, cije ki ji. 'Yan uwansa na dariya ƙasa-ƙasa. Na ce a'a, kai za ka cije, matso nan, na haife ka. Na zaɓo ƙwayar da kaina daga tsakiyar buhu, ba ta sama ba, na ba shi, na kai kunne. Tun daga ranar haka nake saye. Ya ma fi, don da haƙorina masarar kawai nake ji. Yanzu ina jin masarar, ina kuma kallon idon mai ita kafin ya cije. Wanda ya san tasa ɗanya ce, tun yana kai ta baki yake fara ba da labarin ruwan bana.

Da muka kawo nan Zulai ta ce hannunta ya gaji. Na ce tashi ki ɗauko mini gwangwanin da ke kan taga. Ina ajiye iri uku a ciki saboda masu zuwa koyo. Na zaɓo ƙwaya uku na jera mata a tafin hannu, duka farare, duka kai ɗaya. Na ce matso da kumatunki.

Ta farko ta ce ƙas. Ta biyu ta manne mata a haƙori, sai da ta sa farce. Ta ukun tana cizawa ta tashi a guje ta tofar a bakin kwata, tana goge harshe, wai gari ne da ɗacin ƙwari.

Na ce duk ɗaya ne?

Ta kurkure baki ta dawo ta zauna. Ta jawo takardar farko, wadda ta jera kalmomin a layi guda, ta soke layin. Ta ce in sake faɗo mata su ɗaya bayan ɗaya, kowace da abin da ake yi wa ita. Na ɗauki faifaina na ce fara da ɓarza, ki bar mata wuri da yawa.